Kurtun da Ake Koyon Ankwa a Hannunsa

Kafin ya sa kaki, ɗan kamasho ne a tashar mota. A gida Auta ake ce masa, a tasha kuwa Gatari, saboda hannunsa yakan riga bakinsa magana. Bayan rasuwar mahaifinsu yayarsa ta tasa shi gaba sai ya nemi aikin ɗan sanda. Ta ce, "Auta, ƙarfin nan naka in ba a sa masa linzami ba, gidan yari zai kai ka. Inna kuma ta gaji da wankau."

Aka ɗauke shi. Fareti da gudu ko a jikinsa. Wuta ta tashi ne da aka koma horon aiki a wani dogon zaure mai rufin kwano a bayan kwalejin 'yan sanda. An shimfiɗa katifun roba a ƙasa, an kafa ɗakunan katako kamar kanti da falo, ga tsohuwar mota ba taya da ake koyon bincike a cikinta. Mai kula da zauren wani gajeren Sajan ne mai jan ido, kurata na kiransa Kunama a bayan idonsa.

Ranar farko Sajan ya bi layi yana duban fuskoki, ya tsaya cak a gaban Gatari.

"Kai, na san ka. Ba kai ne ka jefo benci ya karya min haƙori ba, ranar da muka je raba faɗa a tasha?"

"Ba da gangan ba ne, Yallaɓai."

"Ni ma abin da zan yi maka ba da gangan ba ne."

Daga ranar, duk darasin da ake neman mai laifi, Gatari ne. A kansa aka koyi murɗe hannu, a kansa aka koyi kayarwa. Kurata su yi layi, kowa ya ɗaura masa ankwa ya kwance, har wuyan hannunsa ya kumbura, maɓallin riga ya gagare shi. Sajan na tsaye yana cewa, "Ku bar wurin yatsa ɗaya tsakanin ƙarfe da fata. Amma wannan ya saba, kada ku damu." A ɗakin kwana abokai suka samu abin yi. Wani ya ce, "Mu za mu fita 'yan sanda, kai za ka fita ƙwararren ɓarawo." Gatari ya juya fuska bango yana cizon leɓe.

Ranar jarrabawa wata Sufeto ta zo ba da maki. Da aka kira Gatari, Sajan ya tuɓe hula ya ce shi da kansa zai fito a matsayin maigidan da ya sha ya bugu yana farfasa kayan falo. Ƙa'idar a bayyane take: a fara da baki, hannu sai in ya zama dole.

Gatari ya shiga ya yi yadda aka koyar. Ya bar ƙofa a bayansa, ya sassauta murya. "Baba, ajiye kujerar nan mu yi magana." Sajan ya ajiye, ya matso yana tangaɗi, ya kawo baki daidai kunnensa yadda Sufeto ba za ta ji ba.

"Har yanzu gyatumarka na wanke wa matan mutane kamfai?"

Gatari bai san sa'ad da ya sure shi ba. Bai kayar da shi a katifa ba, a kan siminti ya maka shi, ya danna masa gwiwa a gadon baya, ya matse ankwa har ƙarfen ya nutse a fata. Sai da kurata suka ɓamɓare shi. Kafaɗar Sajan ta goce, gumi na zuba, amma dariya yake. "Kin gani, ranki ya daɗe? Ɗan tasha ne, ko an wanke shi da sabulu."

Sufeto ta tambayi Gatari abin da aka ce masa. Ya kasa maimaitawa a gaban mutane. Ta ce, "Ko mene ne, a titi za ka ji wanda ya fi shi." Ba a kore shi ba, amma aka mayar da shi baya, ya sake farawa da sababbin kurata. Ranar da abokansa suka yi faretin fita, shi yana jera wa baƙi kujeru.

Ya kira yayarsa ya ce kayansa zai haɗa. Ta ce, "Haɗa mana. In ka zo kai za ka yi wa Inna bayani, ba ni ba." Ta kashe wayar.

Gatari ya fasa tafiya. Sajan ya dawo da hannu a rataye, ya ci gaba daga inda ya tsaya, sababbin kurata ma a hannun Gatari suka koyi ankwa. A jarrabawa ta biyu an zage shi, ya haɗiye, ya ci jarrabawar.

Yanzu yana aiki a wani ofishin 'yan sanda kusa da kasuwa, ba ya yawan magana, Inna kuma ta daina wankau. Sau ɗaya suka sake haɗuwa da Sajan, a barandar kotu. Gatari ya ƙame ya sara masa saboda igiyoyin da ke hannun rigarsa. Sajan ya dube shi sama da ƙasa, ya tofar da yawu gefe, ya wuce.