Alfadarin da Ya Tsayar da Baba

Mai Kwafi ake ce mata a layin, don shagonta ne kaɗai ke da injin kwafi da na manna leda a kan takarda. Ba ta iya zama haka kawai. Ko ruwa take sha, idonta na kan injin tana ƙirga shafin da ke fitowa. Ran Asabar da yamma kuwa sai ta ja ƙofa rabi, ta kwashe tarkacen kan babban tebur, ta shimfiɗa taswirar wata ƙasa da babu ita a duniya.

Wasan tebur ne na almara. Kowane ɗan wasa yana da jarumi a rubuce a takarda, da makaminsa da makin ransa. Ita ce mai jan labari: ta faɗi abin da suka tarar a hanya, su faɗi abin da za su yi, a jefa ɗan ludo ya yanke hukunci. Ƙaninta Auta, mai aski a bakin titi, ya ɗauki ɓarawo. Tela, maƙwabciyar shagonta, ta ɗauki mai jifa da wuta. Na uku shi ne mahaifinta.

Baba direban babbar mota ne, a kan hanya ya yi furfura. Da idonsa ya fara hazo likita ya hana shi tuƙi, sai ya shiga ɗaki ya juya kujera ta kalli bango. Da ƙyar da lallami ta fito da shi. Ta buga masa takardar jaruminsa da manyan baƙaƙe, ta samo ɗan ludo kamar ƙwan kaza mai fararen lambobi. Ya yarda, bisa sharaɗi guda: komai a jefa a fili.

"Kada ki yi mini kara, Uwata," ya ce. Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa gare ta.

Ba a yi masa kara ba kuwa, jaruminsa ya mutu sau biyu. Ranar ta biyun ya ture takardar ya lalubi sandarsa.

"Na uku in ya faɗi, ku nemi wani. Kujerata na nan tana jirana."

Ta san kujerar. Ta kuma san in ya koma kanta, ba mai sake tayar da shi.

Ta zauna ta baje lissafin. Duk jaruman a matakin farko na wasan suke, ba su yi ƙarfi ba tukuna. Mayaƙin Baba rai goma sha biyu, ɓarawon Auta tara, na Tela bakwai. Sara ɗaya mai kyau daga dodo yana cin takwas. Ba mai warkarwa a cikinsu. Ta roƙi Auta ya canza jarumi.

"Yaya, duk mako ina gyara kan mutane, Asabar ma in zo in yi jinya? Ki tambayi Tela, ita ta saba da ɗinki."

"Ɗinkin kaya nake yi, ba na ƙattai ba," in ji Tela. "Ka rage guduwa in an fara faɗa, ka ga ko za a buƙaci magani."

Hanya uku ta rage mata, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta fara ajiye kwalbar magani a akwatin da suka ci a wani kango. Baba yana da rai huɗu a lokacin, ya ɗauka ya miƙa wa Tela, wadda ƙwarzane kawai ta samu.

"Fasinja ake fara dubawa," ya ce.

Ta kawo wani tsoho mai ganye a labarin, ya ce zai bi su kyauta. Baba ya tambayi abin da tsohon ya iya ban da jiƙa saiwa, da ya ji babu, ya sauke shi a ƙauye na gaba. Wai shi bai taɓa ɗaukar kaya fiye da kima ba.

Saura ta uku, wadda ta fi sauƙi kuma tana nan a ƙa'idar wasan: in ayari ya yada zango na awa ɗaya, kowa zai jefa ɗan ludo ya maido da wani abu na ransa. Kyauta ce, tsayawa kawai ake so. Nan ne Baba ya kafe.

"Ni da nake ɗauko kaya daga wannan bakin ƙasa zuwa wancan ban kishingiɗa ba? Mai gajiya ya hau baya. Mu je."

Wata safiya tana buɗe shago ta hango shi a ƙofar gida, ya durƙusa gaban babur ɗin Auta. Ba ya ganin komai sosai, da hannu yake bi. Ya matsa tayar gaba, ya matsa ta baya, ya taɓa sarƙa ya murza yatsunsa. Auta na tsaye da makulli yana ta duba agogo, Baba ya ce babur ba zai motsa ba sai an ƙara iska. Ta tuna suna yara, in ya dawo daga tafiya, abinci kan huce a rufe yana can ƙarƙashin mota. Bai taɓa tsayawa don kansa ba. Don mota kuwa ko a tsakiyar daji zai tsaya.

Asabar ɗin nan, sarkin ƙauyen cikin labari ya ba ayarin ladan aikinsu: amalanke da alfadari.

"Jaki?" in ji Auta. "Mun yi jini mun yi gumi, a biya mu da jaki? Mu sayar mu sayi takobi."

"Alfadari aka ce, kurma," in ji Baba. "Ƙafa nawa amalanken ke da ita, Uwata?"

"Biyu, Baba."

"Miƙo linzamin nan."

Suka kama hanyar dutse. A kan gangare kyarketai suka tare su. Aka yi ta jifa a fili kamar yadda aka saba, da ƙura ta lafa Baba na da rai biyu, Auta biyar, Tela uku. Ga bakin kogon dodon da suka fito nema a gabansu. Mai Kwafi ta kwatanta kogon da warinsa da ƙasusuwan da ke ƙofa. Ba ta ce uffan kan hutu ba.

Baba ya buɗe baki zai ce mu je, sai ya tsaya.

"Tun yaushe rabon dabbar nan da ruwa?"

"Tun ƙauye, Baba. Kuma ku kuka hau da ita gangaren nan."

"Da kaya a baya. Ba wanda zai shiga ramin nan sai ta sha ta huce. Auta, sauka ka sa wa ƙafar amalanke dutse."

"Har a takarda ma ni ne yaron mota?"

"A takarda ma ba ka iya ba."

Tela ta yi dariya har ta buge kofin ruwa. Mai Kwafi ta tsare fuska ta ce shayar da alfadari da kwance masa kaya zai ci awa guda, kuma ƙa'ida ta ce duk wanda ya zauna awa guda yana da jifa. Ta tura ƙaton ɗan ludon gaban mahaifinta.

Ya juya shi a tafinsa, bai jefa ba.

"Kin ɗauka ban gane ba ko?"

"A fili na yi komai, Baba. Ku kuka tsaya."

Ya yi wani ɗan tari da ya yi kama da dariya, ya jefa. Biyar. Da biyun ƙarfin jikin mayaƙi, bakwai. Bakwai da biyun da suka rage masa, tara. Ta rubuta taran da girma yadda zai gani.

A cikin kogon dodon bai kula kowa ba sai mayaƙi. Ta jefa a tsakiyar tebur, ɗan ludon ya gangara ya bugi kofi ya tsaya. Sara ya samu. Ta sake jefawa don nauyinsa, ta haɗa da ƙarfin dodon: takwas. Tela ta ƙirga da yatsu, ta sake ƙirgawa.

"Saura ɗaya."

"Ɗaya ma rai ne," in ji Baba. "Na sha kai kaya gida da abin da bai kai haka ba a tanki. Tela, ina wutar taki?"

Wutar ta gama da dodon. Suna tattara takardu Baba bai nemi sandarsa ba. Ya ce kafin tafiya ta gaba a sayi jakar ɗaurin rauni a ajiye ƙarƙashin mazaunin amalanke, a hannunsa za ta zauna, kuma kowa zai faɗa masa makin ransa kafin a tashi. Wanda bai kai rabi ba, ba a motsawa.

"Alfadarin fa, rai nawa gare shi?"

"Goma sha ɗaya, Baba."

"To ina takardarsa?"

Ta kunna injin, ta zaɓi manyan baƙaƙe.