Ƙurar Inna Mai-Kwalba

Shekara ashirin da biyu Inna Mai-Kwalba ta yi tana wanke kwalabe a ɗakin gwajin wani kamfanin magani, kwalabe 'yan mitsi-mitsi da ba su kai ɗan yatsa ba. A cikinsu ake ɗiga ruwan allura, a saka a na'ura, wani siririn jan haske ya ratsa shi. In furotin ɗin da ke cikin maganin lafiya yake, hasken kan watsu kaɗan-kaɗan. In ya lalace ya dunƙule, sai layin da ke kan allon na'urar ya yi tsalle. Abin haushin, ƙwayar ƙura ɗaya ma haka take sa shi tsalle.

Shi ya sa Inna ta yi sallama da hoda tun tana amarya. Ba ta magana a kan buɗaɗɗiyar kwalba, ita da a gida sai an roƙe ta take yin shiru. Duk da haka, layi na yin tsalle ita ake rataya wa jakar tsaba.

Wata Talata layin ya yi tsalle. Ta ɗauko wata kwalbar, ta wanke, aka sake gwadawa. Har sau uku yana tsalle.

"Inna, ƙurarki ce," in ji Dakta, shugaban ɗakin, idonsa na kan motocin da ke jiran kaya a bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, sau bakwai na ɗauraye ta."

"To tsufa ne ke nan. Ko mu nemo mai sabon ido?"

Tsoro ya kama ta. Ta san hannunta sarai, amma ta sunkuyar da kai ta ce, "Wataƙila ƙurar tawa ce." Dakta ya sa hannu a takardar fitar da maganin, motoci suka tashi da shi.

Bayan wata biyu, da hantsi, maigidanta mai ciwon sukari ya miƙo mata kwalbar allurarsa ta zuƙo masa a sirinji. Idonta ya faɗa kan lambar da ke jiki. Lambar maganin da aka gwada ranar Talatar nan ce, wadda ta rubuta da hannunta sau uku. Ta ɗaga kwalbar saitin taga, ruwan garau, ido ba ya ganin komai. Ai don haka aka sayi na'urar.

"Me kike leƙe, uwar tsafta?" in ji shi, yana naɗe hannun riga. "Kwanana tara ina yi da ita. Ki fara ba ni ruwa, ƙishirwar nan ta ƙi sakina, sai ka ce ba na yin allurar."