Garkuwar Gidan Jernhäger da Ta Ƙi Fashewa

An haifi Torsten Jernhäger a garin Borgå ranar 9 ga Maris, 1884, ɗa ga Kyaftin Edvard Jernhäger da matarsa Sigrid, shi kaɗai ne namiji cikin 'ya'ya biyar.

Asalin Gidan

A shekarar 1652 sarauniyar Sweden ta ɗaukaka kakansu na farko, ta ba shi suna da garkuwa mai hoton zalɓe a matsayin tambarin gida, aka shigar da shi littafin masu asali. A gida ana cewa ladan jarumta ne a fagen fama. Bisa ƙa'ida, ɗa namiji kaɗai ke gadon sunan, kuma ranar da aka binne namijin ƙarshe, a bakin kabarinsa ake fasa garkuwar.

Karatu da Aiki

Ya kammala nazarin tarihi a jami'ar Helsingfors a 1908, ya shekara talatin da ɗaya yana koyar da harshen Latin ga yaran da ba su nema ba. A tsofaffin takardu ya gano cewa jarumin kakan nan kifi mai gishiri yake kai wa sojoji a ganguna, kuma bai taɓa makara ba. Ya rubuta haka, danginsa suka daina gayyatarsa cin abinci.

Aure da Zuriya

Ya auri Alfhild a 1911, suka haifi Märta, Dagny, Ebba, sannan Göran. Alfhild ta rasu a 1931. An kashe Göran a yaƙi cikin Fabrairun 1940, yana da shekara ashirin, bai yi aure ba.

Shekarun Ƙarshe

A 1941 ya ba kafintan ƙauye aikin garkuwar jana'izarsa. Al'ada ita ce a yi ta da katako mai laushi, a ja zarto ta baya domin ta rabe da bugu ɗaya. Kafintan bai san wannan ba, ya zaɓo katako mafi tauri.

"Wannan sai ta yi shekara ɗari biyu, ranka ya daɗe."

"To, ta fi mu," in ji Torsten. Bai gyara masa ba.

Märta ce ta yi jinyarsa shekara tara. Ta taɓa tambayarsa, "Baba, mu fa, gumaka ka haifa?"

"Ku mutane ne. Littafin masu asali ne ba ya ƙirga mutane."

Rasuwa da Jana'iza

Ya rasu ranar 2 ga Nuwamba, 1957. A maƙabartar Borgå wani tsohon kanar ya karanta tarihin gidan, ya tsallake kifin, ya ɗaga guduma. Sau huɗu yana bugawa, zalɓen ko gezau. Märta ta aro gatari wurin mai haƙa kabari.

"Matsa, Kanar, kada mu binne biyu."

Da sara ɗaya ta raba ta.

Ya bar 'ya'ya uku, Märta, Dagny da Ebba, da jikoki goma sha ɗaya. A littafin masu asali an rubuta cewa gidan ya ƙare, bai bar kowa ba.