Takwaran Farfesa Ludvik

Duk wanda ya taɓa kai takarda a buga masa a unguwar Mayo Gwoi ya san Barnabas. Shagonsa ɗan tsukuku ne, kwamfuta ɗaya, firinta ɗaya, sai fanka mai kuka. Shi kuwa mutum ne da ko akuya ka daka wa tsawa a gabansa sai ya ba ka haƙuri. Ruwa ba ya tsami banza: mahaifinsu ya rasu yana ƙarami, yayansa Zacchaeus ya riƙe shi, kuma Zacchaeus tsohon malamin firamare ne da bakinsa bai yi ritaya tare da shi ba. Bai manta shekarar da Barnabas ya faɗi lissafi ba. Bai manta kiwon kajin da Barnabas ya yi, wanda ya ƙare a bakin muzuru ba. Ko gaisuwa ka je yi, sai ya sako maka ɗaya.

Da ɗalibai suka tafi hutu kasuwa ta yi sanyi, sai Barnabas ya shiga wani kwas a intanet na koyon rubuta wa kwamfuta umarni. Salon da ake koyarwa shi ne a gina komai da ƙananan ayyuka da ake kira fankshan. Kamar injin niƙa suke: ka zuba masara, gari ya fito, gobe ka zuba irinta, irin garin zai fito, injin bai san wanda ya kawo niƙa ba.

Wani Bature mai furfura, Farfesa Ludvik, shi ke bayani a bidiyo. In ka gama darasi ka tura aikinka, nan take amsa ta dawo. Aikin Barnabas kuwa faɗuwa yake kamar yaro mai koyon tafiya. Ya taɓa rubuta fankshan mai kiran kansa, ya manta bai gaya masa inda zai tsaya ba, har kwamfutar ta sandare. Amma amsar ba ta canjawa: "Ka kusa. Sake gwadawa." Babu "ai na faɗa maka", babu tonon silili. Barnabas bai taɓa ganin haƙuri irin wannan ba, sai ƙaunar mutumin ta kama shi. Ya koma fara kowane aiki da gaisuwa: ya gida, ya sanyi, a gaida madam.

Matarsa Lois na da cikin fari, kuma dangi kowa ya san in namiji ne sunan Zacchaeus zai ci. Rannan Barnabas ya ce sunan yaro Ludvik.

"Lud me?" in ji Lois. "Maigida, wannan ai sunan maganin tari ne. Ya taɓa amsa gaisuwar ka ma?"

"Babban mutum ne, aiki ya masa yawa."

"To ka gaya wa Yaya da bakin ka. Ni kam ba ruwa na."

Aka haifi namiji. Barnabas ya rasa ta inda zai soma, sai ya kira Zacchaeus shago, wai ya zo ya ga mutumin da idonsa. Ya gyara masa kujera, ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya faɗa masa sunan da ya zaɓa wa yaron. Zacchaeus ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Kunna mu gani," ya ce.

Barnabas ya kunna darasin ƙarshe, wanda shi ma bai kalla ba tukuna. Farfesa ya yi murmushi, ya ce bari ya ba su misali mai kyau: abin da ke duba ayyukansu shi ma fankshan ne. Bai san sunan kowa ba, ba ya ajiye komai, in ka tura masa kuskure ɗaya sau dubu, amsa ɗaya zai ba ka. Shi kansa, in ji shi, bai taɓa ganin aikin ɗalibi ko ɗaya ba.

Fanka ta ci gaba da kukanta. Kunya ta rufe Barnabas, da wani baƙin ciki kamar an yi masa rasuwa. Ya sunkuyar da kai yana jiran abin da za a riƙa tuna masa har ya tsufa.

Can Zacchaeus ya nuna allon kwamfutar da haɓa.

"Lissafi ne wannan abin?"

"Kusan haka, Yaya."

"Kuma ka kai ƙarshen shi?"

"Na kai."

"Kai ɗin da na sani?" Ya miƙe yana kaɗa kai. "Shi injin bai san daga ina ka taso ba. Ni na sani."

Ranar suna, da fasto ya tambaya, Barnabas ya ce Zacchaeus, da ƙarfi, har mata suka rangaɗa guɗa. Aka miƙa wa tsohon takwaransa. Ya juya jaririn, ya duba shi sama da ƙasa kamar takardar jarrabawa.

"Kan uban shi ne sak," ya ce. "Za mu sha wahala."

Hawaye na bin kumatunsa, kuma da Lois ta miƙo hannu ta karɓi ɗanta, ƙi ya yi.