Tayoyi Marasa Zane

Shekara goma na yi ina faci a Kano kafin na zo New York, don haka na ɗauka babu mai koya mini komai game da taya. Wani maƙwabcina a Harlem ya samo mini aiki a wani tsohon shago da ke sayar da kayan motocin tsere. Mai shagon dattijo ne Ba'amurke, kullum tare muke cin abincin rana.

A makona na biyu na ga ya sayar wa wani mutum manyan tayoyi biyu, sumul, ko zane ɗaya babu. A wurinmu irin waɗannan sai dai a yanka a yi takalmi. Na bi mutumin har bakin motarsa, na raɗa masa da guntun Turancina cewa tayoyin sun cinye, an cuce shi. Ya yi dariya, ya koma ciki ya faɗa wa dattijon a gabana.

Dattijon bai yi faɗa ba. Ya kama babban yatsana ya danna a robar wata taya irinsu, na ji ta da taushi kamar danƙo.

"Sababbi ne," in ji shi. "Haka ake yin su don su kama kwalta idan mota ta zabura. Ashe kallon macuci kake mini?"

Na kasa ɗaga kai.

Shekara uku na ƙara a wurinsa, kullum ina cewa gobe zan ba shi haƙuri. Ranar da ya rufe shagon zai koma wurin 'yarsa, na taya shi loda kaya, muka yi musafaha. Abin da na iya ce masa kawai shi ne ya sauka lafiya.