Motar da Takawa Ya Jingina da Ita

Mato Direba bai san shekarun kansa ba, amma ka nuna mishi fitilar mota ɗaya zai faɗa maka shekarar da ta shigo ƙasar. Shekara ashirin da biyu ya yi yana jigila tsakanin Madawa da Buza, har ramukan hanyar suka gama da bayansa, ya koma Babankatami yana noman gero. Masu dawowa daga cirani kan kawo mishi hotunan da suka ɗauka jikin motocin mutane, shi ko ya kunyata su a bainar jama'a: wannan kat-san-kat ce, wato 404, ta girmi aurenka, kada ka ce mana sabuwa ce. Yana jin daɗin hakan fiye da kima.

Ran nan, a shekarar 1984, Cima ta yi sallama da hantsi. Tsohuwar surukarsa ce. Ɗanta Takawa ya auri Balki, ɗiyar Mato, ya tafi kurmi lokacin yunwar 74. Bayan shekara biyu labarin mutuwarsa ya zo. Balki ta yi takaba, ta auri Jima maɗinki, yanzu 'ya'yansu uku.

Cima ta kwance bakin zane ta miƙo hoto. Wani ɗan Allakaye ne ya tsinto shi a ɗakin wani mai hoto can kurmi, ya gane fuskar.

"Baban Balki, duba mini. Hoton ga na da ne, ko na yanzu?"

Takawa ne, babu tantama, ya jingina da bayan wata farar mota. Mato ya fita da hoton cikin rana, ya kanne ido. Fatansa ya ga san-san-kat, wato 504, wadda bayanta ya karye ya zubo ƙasa, don ita ta daɗe tana yawo tun kafin Takawa ya bar gida. Ya duba, ya goge hoton da hannun riga, ya sake dubawa. Bayan motar a miƙe yake sambal. San-san-sank ce, wato 505, kuma ba a ƙera irinta ba sai 1979, shekara uku bayan an yi wa Takawa sadakar arba'in.

Tsoro ya kama shi ƙwarai. In Takawa na da rai, to yaya auren Balki? Yaya jikokinsa uku, da bakin mutanen gari? Duk garin babu wanda zai iya bambanta motocin nan biyu in ba shi ba. In ya ce tsohon hoto ne, magana ta mutu ke nan.

"Mi kag gani?" in ji Cima.

"Idanuna sun yi rauni, Inna."

"Jiya-jiya ka gane motar likita tun tana bayan dutsi."

Ta gefen danga yana jin Balki, wadda ta zo yini, tana daka tana yi wa ƙaramin ɗanta faɗa. Shekara takwas ke nan Cima tana raba waina ranar Juma'a da sunan mamaci, kuma Mato kansa ya sha ci.

Ya zauna a kan turmin da ke kife.

"Inna, sadda aka ce ɗanki ya rasu, ba a yi wagga mota ba tukuna."

Cima ba ta yi guɗa ba. Ta karɓi hoton ta daɗe tana kallonsa.

"Ashe yana nan. Ko gaisuwa bai aiko mini ba."

Sai a lokacin Mato ya lura dakan ya tsaya. Ya ɗaga kai ya ga Balki tsaye a bakin danga, taɓarya a hannu, ɗanta riƙe da zaninta.

"Baba," ta ce, "ni matar wa ce?"

Mato, wanda bai taɓa rasa amsa a kan hoto ba, ya laluba takalmansa ya ce bari ya je gidan liman.