Lakar Ƙarƙashin Fijo

Har gobe ranar da aka jawo Fijon marigayi Alhaji Ɗanjumma zuwa garejinmu na Yelwa ba ta fita raina ba. Ba a daɗe da yanke mana Kebbi daga Sakkwato ba, ni ne babban mai gyaran jikin mota, maigida ya sakar mini komai, kaina kuwa ya kumbura.

Motar ta fi shekara ashirin a rumfa a Wara. Da ita Alhaji ya kwashe iyalinsa lokacin da ruwan Kainji zai ci ƙauyensu. Bayan sawun ƙarshe injin ya buga, aka tura ta rumfa, ba wanda ya sake taɓa ta. Ɗansa Malam Sani, malamin makaranta, ya kai ni in duba: a gyara ko a bar ta yadda take? Mahaifiyarsa, Inna Hajo, tana daga bakin ƙofa ta ce, "Ɗana, ku bar wagga mota yadda mai ita ya aje ta."

Na yi dariya. "Haba Inna! Kaji ke ƙwai a kujerarta fa. Ki ba ni ita, sai kin rantse yau aka sauke ta daga jirgi."

Ta juya ta koma ciki. Ni kuwa na yi ta zuga Malam Sani har ya yarda, don ina son garin nan ya ga aikina.

Ƙa'idar aikinmu, kafin guduma ko fenti, wanki ne farko, don a ga inda tsatsa ta ci. Ƙarƙashin motar nan laka ce baƙa ta daskare kamar siminti. Da kaina na kwanta na kankare ta tas, na kora da ruwa, ta bi kwata.

Washegari sai ga Inna Hajo ta biyo motar kasuwa tun daga Wara, da ɗan kwano ɗaure a bakin zane. Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashi, ta daɗe.

"Ina ƙasar da ke nan?"

Na ce, "Wannan dattin? Ai mun wanke, Inna."

"Ƙasar garinmu ce," in ji ta. "Uwata da ubana da ɗiyana biyu suna can kwance, ruwa ya rufe. In kewa ta taso mini, nakan ɓantari kaɗan in jiƙa in shaƙa. Ita kaɗai ta rage."

Wayyo! Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa idona. Na bi kwatar nan da hannu ina lalube, ba komai sai baƙin mai da ruwan sabulu. Ba ta zage ni ba, wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Tashi ɗana, kar ka ɓata rigarka." Ta mai da kwanonta bakin zane.

Motar ta yi kyau, kowa ya yaba, amma Inna ba ta taɓa shigarta ba.

Shi ya sa, ku yaran gareji, kuke ganin ko guga ba na bari ku ɗauka sai na tambayi mafi tsufa a gidan da mota ta fito: me ke jikinta da ba a so a taɓa? Kowace lotsawa na iya miƙewa a hannuna. Abin da na wanke ne ban iya maidowa ba.